Jaka, shimfiɗa da malfa na bakin teku: kundin aikin kwarashi da keken ɗinki

4 ga Mayu

Saura mako takwas a tafi hutun bakin teku. Ga abin da ke kan tebur: jakar raga ta kwarashi wadda za ta ɗauki tawul da gorar ruwa, shimfiɗar zama ta mutum uku, malfa mai faɗin baki, sai 'yar jaka mai zif ta waya da makulli. Kayan da aka saƙa don ɗaki ba su san wuya ba. Waɗannan kuwa yashi zai shige su, gishiri zai zauna a jikinsu, rana za ta dake su, kuma za a riƙa ɗaukarsu a jiƙe. Don haka shawarar da muka yanke tun yau ita ce, ba zaren da zai shiga aiki sai an gwada shi a jiƙe, da nauyi rataye a jikinsa.

Don kada a rikice a gaba: idan mun ce "ido", saƙa ɗaya muke nufi. "Gajeren ido" shi ne a soka kwarashi, a jawo zare, a rufe madauki biyu lokaci guda. "Sarƙa" kuma jerin madaukai ne da ake jawo ɗaya ta cikin ɗaya.

An haɗa ruwan gwaji: gram 35 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, wanda shi ne matsakaicin gishirin da ke cikin ruwan teku.

7 ga Mayu

Ƙyallen gwaji uku, kowanne santimita 12 a kan 12, duk gajeren ido da kwarashi mai milimita 3.5. Na farko auduga mai sheƙi, na biyu akirilik (wanda yawancin masu saƙa ke ce wa ulu), na uku gaurayen auduga da biskos (zare mai laushi da ake sarrafawa daga itace). Kowanne ya yi minti talatin a ruwan gishiri, an matse shi da hannu, an maƙale masa nauyin rabin kilo, an rataye shi ya kwana.

Biskos ya faɗi tun kafin gari ya waye. Ya miƙe da kusan santimita uku kuma bai koma ba. Dalili a bayyane yake: biskos yana rasa ƙarfi sosai idan ya jiƙe, auduga kuwa ƙara ƙarfi take yi. Abin takaici ne, don shi ya fi laushi da kyan zubi, amma ba na jakar da za ta sha jiƙa ba ne.

Akirilik ya riga kowa bushewa, ba ya shan ruwa sosai, kuma yana jure rana. Laifinsa biyu. Yana da ɗan gashi-gashi, da aka birkita shi cikin kwanon yashi sai ya kwaso yashin ya riƙe, kakkaɓa uku ba ta fitar da shi ba. Sannan ya miƙe fiye da auduga.

Auduga mai sheƙi ita ta ci. Irin wadda aka tsoma a kostik soda ce, dabarar da John Mercer ya gano a Ingila a 1844. Wannan tsomi yana kumbura silin audugar ya zama mulmulalle, sai ta fi karɓar rini, ta fi ƙarfi, gashin jikinta kuma ya ragu. Yashi bai samu wurin kamawa ba, kakkaɓa ɗaya ya zube. Aibinta nauyi: ƙyallen da yake gram 11 a bushe ya haura gram 22 bayan matsa, kuma shi ne na ƙarshe wajen bushewa. Wannan ya sa dole jikin jakar ya zama raga, ba saƙa mai cike ba.

Wani abu da ya kamata a lura: rabin ƙyallen audugar da aka ɗauraye da ruwan daɗi ya bushe ƙayau, rabin da aka bari da gishirinsa kuwa da yamma sai a ji shi da ɗan sanyi-sanyi. Gishiri yana jawo laima daga iska. Kayan da ba a ɗauraye ba ba sa taɓa bushewa sarai.

9 ga Mayu

Gwajin zubar launi. An jiƙa guntun kowane zare da kowane yadi, an ɗora a kan farin ƙyalle, an danna da dutsen guga mai zafi na daƙiƙa goma sha biyar. Rawaya da ruwan toka ba su bar komai ba. Shuɗi mai duhu ya bar tabo. An wanke dunƙulensa shi kaɗai da ruwan ɗumi, bayan an warware shi an ɗaure wuri huɗu don kada ya cukurkuɗe, kuma sai a wanki na uku ruwan ya fito fes.

Akwai masu cewa a jiƙa da gishiri ko ruwan khal don a kama launi. A audugar kamfani wannan ba ya aiki. Gishiri yana da amfani ne a lokacin rini, a cikin tukunya, ruwan khal kuma na rinin gashin tumaki da siliki ne. Abin da ke zuba daga baya rarar rini ce da ba a wanke ba, maganinta wanki.

16 ga Mayu

Gindin jaka ya kammala. Zaren mai gram 100 ne a dunƙule, kusan mita 200. Awon hannu, wato yawan idon da saƙar ke bayarwa: ido 18 da layi 20 a santimita 10.

An fara da gajeren ido 6 a zobe, kowane zagaye ana ƙara 6. A zagaye na 24 ido 144 ke nan, faɗin da'irar santimita 25. Kuskuren da kowa ke yi a nan shi ne ɗora ƙarin a wuri guda kowane zagaye. Sai da'irar ta fito da kusurwa shida. Tun daga zagaye na 6 a riƙa gusar da wurin ƙarin: idan a wannan zagayen ƙarin ya zo ƙarshen kowane rukuni, a na gaba ya zo tsakiya. Idan da'irar ta fara zama kamar ƙwarya, ƙarin bai isa ba ko hannu ya yi tsauri. Idan bakinta ya fara lanƙwashe-lanƙwashe, ƙarin ya yi yawa, a yi zagaye ɗaya ba ƙari.

Daga nan zagaye ɗaya a madaukin baya kaɗai, shi ke ba da kaifin da bango zai miƙe a kansa. Sai zagaye 10 ba ƙari, bango mai santimita 5.

Raga ta ba da wahala. An fara da sarƙa 5, tsallake ido 3, gajeren ido a na huɗu, ramuka 36. Bayan zagaye shida an zuba kaya don gani: kwalbar man kare rana ta leƙo rabinta ta rami. An warware. Yanzu sarƙa 4 ce, tsallake ido 2, ramuka 48. Ta fi cin zare da lokaci, amma mataji ma ba ya fita.

24 ga Mayu

Zagaye 22 na raga, sannan baki. A bakin an sa ido 5 a kowane ramuka biyu, jimla 120, don ya ɗan tsuke fiye da gindi, zagaye 6. Tsayin jaka ba komai a ciki santimita 33.

Hannu shi ne inda jakar saƙa ke mutuwa. An yi na farko a gicciye, ido 7 a layi, ana ta komowa har santimita 60. An jiƙa tawul biyu, an haɗa da gorar ruwa, kilo uku cif, an rataye a ƙofa kwana ɗaya. Da safe hannun ya kai santimita 74, jikin jakar kuma 46. Miƙewar jiki ba laifi, haka raga take. Ta hannu ce ba za a yarda da ita ba, don jakar za ta riƙa dukan gwiwa.

An sake shi ta tsawo: sarƙa 108, sai layi 6 na gajeren ido a kan dogon gefen. Saƙa ta fi jure ja ta bin layi a kan ta gicciye. Duk da haka an ɗinka masa tef ɗin foliyesta mai faɗin santimita 2.5 ta ƙasa, irin na hannun jakar makaranta, kowane ƙarshe ya sauka santimita 4 cikin bakin jaka. A wurin haɗin an ɗinka murabba'i da gicciye a cikinsa. An ƙona bakin tef ɗin da ashana kafin ɗinki don kada ya tsefe. Gwaji na biyu: daga 60 zuwa 61.

Zaren da jakar ta ci duka gram 285.

26 ga Mayu

Ba a yi saƙa ba yau. An wanke yadin shimfiɗa da ruwan ɗumi. Mita 2 ta koma santimita 192, faɗin 150 ya koma 147. Da an yanka kafin wanki, saman zai motse ya bar ƙasan, shimfiɗar ta yi ta tattarewa har abada.

1 ga Yuni

Shimfiɗa. Sama auduga ce mai matsattsiyar saƙa, ba mai gashi irin na tawul ba, don madaukan tawul rumbun yashi ne. Ƙasa siririn foliyesta irin na lema, don danshin yashi kada ya huda. Foliyesta muka zaɓa a kan nailan saboda ya fi jure rana.

An yanka duka biyun 145 a kan 185, ɗinki santimita 1.5, abin da ya rage 142 a kan 182. Allurar keke lamba 90/14, zaren foliyesta, tsawon ɗinki milimita 3. Zaren auduga a nan zai riga yadin ruɓewa.

Yadin lema yana da santsi, kuma ramin fil ba ya rufewa a jikinsa. A kama shi da matsen shanya ƙanana maimakon fil, ko a soka fil ɗin cikin santimita 1.5 da ɗinki zai haɗiye. A gefen farko audugar na ƙasa, kafin a kai ƙarshe yadin lemar ya yi rarar santimita biyu, ƙafar keke tana ta tura shi gaba. Da aka juya, mai santsin ya koma ƙasa kan haƙoran keke, sai suka tafi daidai. Wajen guga a duba ɗigon dutsen: uku na auduga ne, foliyesta kada ya wuce biyu, kuma ta gefen audugar za a goge.

Aljihun kusurwa huɗu, don a cika da yashi ya danne shimfiɗar idan iska ta taso. Kowanne murabba'in yadi ne mai santimita 25, an ninke shi kusurwa zuwa kusurwa, an cusa gajerun gefunansa biyu cikin ɗinkin kusurwa, dogon gefen ya zama baki. Ta ƙasa aka sa su. Ba a sa zoben ƙarfe na turke ba, tsatsa za ta ci shi ta kuma ɓata yadin.

13 ga Yuni

Malfa ta ci kwana goma sha ɗaya, fiye da yadda aka zata. Zaren takarda mai kama da kaba ya fi ba da siffa, amma ba ya son wanki, sai muka tsaya a kan auduga siririya da kwarashi mai milimita 3. Awon hannu ido 20, layi 22 a santimita 10.

Kewayen kai santimita 56. Auduga tana saki da sawa, don haka 54 aka nufa, wato ido 108, zagaye 18 na ƙarin shida-shida. A raba kewaye da 3.14 a samu faɗin saman malfa, a nan santimita 17 da ɗan ɗori. A auna da tef, kada a dogara da ƙirgen zagaye kawai. Gefe zagaye 20 ba ƙari.

Baki aka saƙa sau biyu. Hukumomin lafiya a Ostareliya, inda ake ɗaukar ƙunar rana da muhimmanci sosai, suna ba da shawarar bakin malfar babba ya kai aƙalla santimita 7.5. Mu 8 muka nufa, zagaye 18. A karon farko an ƙara 6 a kowane zagaye, ido ya kai 216, bakin ya yi ta kaɗawa kamar ganye. A wannan awon hannun kowane zagaye ba ya buƙatar cikakken shida. A karo na biyu an bar kowane zagaye na huɗu ba ƙari, aka ƙare da 192. Bakin ya ɗan sunkuyo, inuwa ta sauka kan ido da kunne.

Sitati ba zai riƙe baki a iskar teku ba, laima za ta saki shi cikin awa ɗaya. Waya kuma tsatsa. An yi amfani da igiyar nailan ta kamun kifi mai kaurin milimita 1, an saƙa zagayen ƙarshe a kanta. Kafin nan an tsoma ta a ruwan zafi don ta manta naɗin da ta taho da shi. Ƙarshenta biyu sun haye juna da santimita 5, an naɗe da salatif. Kada a yanke igiyar sai an ajiye malfar a tebur an daidaita: ta yi gajarta baki ya kife, ta yi tsawo ya murɗe.

Sai maganar rana. Lambar UPF da ake gani a tufafi, wadda Ostareliya da New Zealand suka kafa wa ƙa'ida a 1996, tana nuna yawan hasken da ke ƙona fata da yadi ke bari ya wuce. UPF 50 na nufin kashi ɗaya cikin hamsin. Saƙar kwarashi komai matsinta tana da ƙofofi. Da aka ɗaga malfar ga fitila, saman ya yi ta ƙyalli kamar taurari. An yi mata shafi da siririyar auduga mai duhu, da'ira ɗaya da zobe ɗaya, ɗinkin hannu. A ciki an zagaya ribon mai santimita 56 don kada ta saki, da igiyar haɓa mai cirewa.

20 ga Yuni

'Yar jaka, 20 a kan 14, daga ragowar yadin shimfiɗa. Zif mai manyan haƙoran roba, lamba 5. Lambar faɗin haƙoran ce a rufe, da milimita. Zif mai ƙananan haƙora yashi yana cushe shi, na ƙarfe kuma gishiri. Ba mai hana ruwa ba ce, ramin allura ma ƙofa ne, waya sai an fara sa ta a leda mai rufewa.

30 ga Yuni, bakin teku

Rana ta farko a kan yashi. Kafin a shimfiɗa an nemi layin ciyawar ruwa da ɓawon kifi da tudun ruwa na baya ya bari, aka zauna sama da shi. A yawancin gaɓoɓi ruwa yana cika sau biyu a rana, kuma kullum yana jinkirta da kusan minti 50, don haka wurin da ya bushe jiya da azahar ba lallai ya bushe yau ba.

Aljihun kusurwa sun yi aiki. Tafi uku na jiƙaƙƙen yashi a kowanne, iska ta yi ta kaɗawa shimfiɗar ba ta motsa ba. Busasshen yashi tsiyayewa yake, jiƙaƙƙe za a zuba.

Bakin malfa ya tsaya. Igiyar haɓa ba ado ba ce, ba don ita ba da tuni malfar tana cikin ruwa.

Gindin jaka ne ya ba da kunya. Raga tana barin yashi ya shiga ta ko'ina, bango da gindi masu cike kuma suka zama kwano. Da yamma an juye kusan rabin kofi.

3 ga Yuli

Matsala ta biyu ta fi tsanani. Shimfiɗar rufe take ta gefe huɗu. Ruwan jiƙaƙƙun ƙafafu ya ratsa audugar, ya tarar da foliyesta, ya rasa hanya. Garin yashi mai laushi ya bi shi ta ramukan saƙa. Yanzu idan aka ɗaga ta ana jin abu yana gudu a ciki, kuma ba ta bushewa a dare ɗaya. Maganin wucin gadi: an farke santimita 15 a tsakiyar gajerun gefuna biyu, an kakkaɓe, an rataye ta yadda iska za ta bi ta ciki.

An taho da saƙar hannu ta zama, murabba'ai na bargo. Zaren yana cikin leda mai rufewa da aka bar wa ƙofa kaɗan a kusurwa, bai taɓa yashi ba. Amma auduga ta sha laima, tana jan ƙafa a kan kwarashin gora. Murabba'in da yake santimita 12 a gida ya fito 11.3. An koma kwarashin alminiyam, ana goge shi da busasshen ƙyalle, aka dawo 12. Huɗun da suka tsuke za a warware su.

Ribon ɗin malfa ya fara rawaya. Man kare rana ne. Yawancinsu suna da wani sinadari, abobenzon, wanda idan ya haɗu da ruwa mai ƙarfe a ciki yakan bar tabo kalar tsatsa. Kada a sa bilic, ƙara fito da shi yake. Sabulun wanke kwano da ruwan sanyi tukuna don a cire maiƙon, sannan ruwan lemun tsami a kan tabon.

Kowace yamma ana ɗauraye komai da ruwan daɗi, zif kuma a bi shi da tsohon burushin haƙori. Ba a shafa masa mai, mai yana kama yashi.

9 ga Yuli

An dawo, an wanke, an shanya a inuwa, an auna.

Hannun jaka 61, bai ƙara ba. Jikinta ya tsaya a 38 ba komai a ciki, ba zai koma 33 ba. Shuɗin gefen da ya fi kallon rana ya ɗan koɗe idan aka kara shi da ragowar dunƙule, rawaya kuwa kamar yau aka saye ta. Kewayen malfa 56. Kan zif ɗin, wanda na ƙarfe ne duk da haƙoran roba, ya yi farin gari a gefe amma yana tafiya.

Kusurwa ɗaya ta shimfiɗa ta yi ɗigon baƙin fumfuna, daidai cikin aljihun da ba a zazzage sosai ba ranar dawowa. Kwana biyu kawai ta yi a naɗe cikin leda. An goge da ruwan khal da burushi, an baza a rana, warin ya tafi, tabon ya rage amma yana nan. Idan dole a naɗe kaya da danshi, a sa su a jakar raga, ita ce amfaninta.

13 ga Yuli

Gyara. An farke doguwar kalmasa ɗaya da gajerun biyu na shimfiɗa, an kalmashe kowane yadi daban, an bar su haɗe a dogon gefe ɗaya da kusurwoyi huɗu. Tsakanin kusurwoyin an sa maɓallan roba masu ɗanawa, tazarar santimita 30. Yanzu ana buɗe maɓallan a shanya ta.

Gindin jaka ba ya gyaruwa sai an warware ta duka, don daga nan aka fara. An bar ta yadda take, an fara ta biyu. A zagaye na 12 da na 20 ana yin sarƙa ɗaya a tsallake ido ɗaya bayan kowane ido biyar, bango kuma zagaye 4 maimakon 10. An gwada sabon gindin da kofi ɗaya na busasshen yashi, girgiza biyar ya zube, sai ɗan abin da ya maƙale a tsakiyar zobe. Yau ana zagaye na 7 na raga. Gwajin kilo uku ranar 18 ga wata, kuma wannan karon gindin za a fi sa wa ido, don a ga ko ramukan za su buɗe fiye da kima idan ya jiƙe.